Tsintacciyar Mage Ba Ta Mage, Tsintaccen Kaset Ba Ya Shaida

Wata rana da dare, bayan na sauka daga shirina na rediyo, wani dattijo da ya daɗe yana kiranmu ya turo mini wani guntun bidiyo ta WhatsApp. Bai kai minti biyu ba. Wani Bature ne kwance bisa gado, hoton yana rawa, a gefe an rubuta kwanan wata da lokaci. Can sai mutumin ya zabura ya tashi sama, bakinsa a buɗe, hoton ya dagule, wata murya mai ban tsoro ta fito. A kan bidiyon wani ya ɗora muryarsa da Hausa, yana cewa likitocin Amurka ne suka ɗauki wannan, gwamnatinsu ta ɓoye, yanzu asiri ya tonu. Ban gama kallo ba dattijon ya kira ni.

Ya ce, "Ɗana, ka gani? Don me ku ƴan jarida ba ku faɗa wa mutane irin wannan?"

Na ce, "Baba, wannan fim ne. Na san sunansa, na san shekarar da aka yi shi."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai fim ba ya rawa haka. Kuma ga kwanan wata a jiki."

Wannan amsa ta Baba ita ta sa ni rubuta wannan maƙala. Ba rashin wayo ya sa ya faɗi haka ba. Ya yi amfani da ma'aunin da rayuwa ta koya masa ne: hoton da aka tsara yakan fito tsaf, hoton gaskiya yakan zo da rawa da duhu. Waɗanda suka shirya fim ɗin sun san da wannan ma'auni, kuma shi suka ɗana wa tarko.

Akwai wani nau'in finafinan ban tsoro da Amurkawa suka ƙware a kai, ni ina kiransu finafinan tsintuwa. Dabararsu ɗaya ce. Za a ce maka wannan ba shiri ba ne, kaset ne da aka tsinta a daji, ko a gidan da mutanensa suka ɓace, ko a ma'ajiyar sirri ta gwamnati. Wanda ya riƙe kyamarar ya mutu ko ya yi ɓatan dabo, abin da ya rage kawai shi ne hoton da ya bari. A cikin wannan nau'i akwai reshe guda da ya fi damuna, wato wanda ake cewa halittu ne daga wata duniya suka sauko suka kwashi mutane. Ra'ayina a kansu a fili yake: yawancinsu ba tsoro suke sayarwa ba, rigar shaida suka ara suka yafa wa ƙarya, kuma duk ranar da suka yi haka, shaidar gaskiya ce take rage daraja.

Abin ya samo asali da daɗewa. A 1989 wani matashi mai suna Dean Alioto ya yi wani ɗan fim da kuɗin da bai wuce dalar Amurka 6,500 ba. Sunansa na farko UFO Abduction, daga baya ya fi shahara da The McPherson Tape. Labarin wani gida ne da ake bikin zagayowar ranar haihuwar wata ƙaramar yarinya a 1983, wuta ta ɗauke, maza suka fita dubawa, suka yi kiciɓis da baƙin halittu a daji. Yara ne aka sa wa kaya suka fito a matsayin baƙin. Sai gobara ta ci ma'ajiyar kamfanin da zai rarraba fim ɗin, ƴan kofe kaɗan suka fita. Wani ya yanke sunayen ƴan wasan da ke ƙarshe, ya saki kaset ɗin haka. Shi ke nan, sai masu bibiyar labarin jiragen baƙin sama suka riƙa nuna shi a tarukansu a matsayin hujja. Alioto da bakinsa ya sha fitowa yana cewa shi ya shirya abin, amma wasu suka ce ai an tilasta masa ne ya musa. A 1998 aka sake yin fim ɗin da kuɗi masu kauri, tashar UPN ta haska shi da sunan Alien Abduction: Incident in Lake County, aka sake samun masu rantsuwa cewa gaskiya ne.

A tsakanin waɗannan biyu ne aka yi abin da ya fi su ban dariya da ban haushi. A watan Agustan 1995 tashar Fox ta nuna wani hoto baƙi da fari wanda wani ɗan kasuwar Landan, Ray Santilli, ya ce ya saya daga wani tsohon mai ɗaukar hoto na sojan Amurka. Wai likitoci ne suke feɗe gawar baƙon halitta da aka samu bayan abin da ya faɗo a Roswell a 1947. Tashoshin ƙasashe da dama suka saya suka nuna. Sai a 2006 Santilli ya amsa cewa a wani gida a Landan aka ɗauki abin, ko da yake ya ci gaba da cewa wai kwaikwayon wani hoto na asali ne da ya lalace. Wani mai sassaƙa ne ya ƙera gawar, aka cusa mata ƙwaƙwalwar tumaki da hanjin kaji. Shekara 11 ana gardama a duniya a kan kayan cikin kaza.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a gidan rediyo da wajen shan shayi. Za a ce fim ne kawai, kowa ya san ƙirƙira ce, mai hankali ba ya ruɗuwa. Za a ce ai mu ma mun tashi da labarin Dodo da Gizo da aljanun kan tsamiya, ba wanda ya mutu.

To mu dubi tatsuniyar da ake kafa hujja da ita. Kaka ba ta taɓa fara tatsuniya ba sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu amsa mata. In ta gama kuma ta rufe da ƙurunƙus, ta ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da ta yi. Ƙofa biyu ke nan, ta shiga da ta fita, kuma duk yaron da ke zaune ya san lokacin da aka shiga da lokacin da aka fito. Kaka ba ta taɓa tashi da safe ta je kasuwa ta ce wa mutane Dodo ya cinye ɗan maƙwabta jiya, ga takalminsa ba. Fim ɗin tsintuwa kuwa sana'arsa ita ce cire waɗannan ƙofofi biyu. In ya bar su, ya rasa rabin kasuwarsa.

Ga misalin da ya sa na ce abin ya wuce wasa, kuma daga cikinsa ne aka yanko bidiyon da Baba ya turo mini. A watan Nuwamban 2009 kamfanin Universal ya fitar da The Fourth Kind, wanda Olatunde Osunsanmi, Ba'amurke mai asali da Najeriya, ya ba da umarni. Fim ɗin yana buɗewa ne da jaruma Milla Jovovich ta fuskanci mai kallo, ta faɗi sunanta na gaskiya, ta ce za ta fito a matsayin wata likitar ƙwaƙwalwa mai suna Abigail Tyler, kuma abin da za a gani ya faru ne a garin Nome na jihar Alaska a shekarar 2000, akwai kasakasai na asali da ke tabbatar da shi. Daga nan sai a riƙa raba allo biyu, gefe ɗaya ƴan wasa, ɗaya gefen wai hoton asali. Babu wata likita Abigail Tyler. Matar da aka nuna a matsayin ta gaskiyar ƴar wasa ce daga Ingila. Duk ɓangarorin allon biyu shiri ne. Yawancin fim ɗin ma a Bulgeriya aka ɗauke shi, shi ya sa ake ganin Nome cikin duwatsu da manyan itatuwa, alhali garin fili ne fetal a bakin teku, da ƙyar ake ganin itace.

Da a nan aka tsaya, da na ce ƙarya ce irin ta ƴan fim. Amma Nome gari ne na gaske, mai mutane da ba su kai 4,000 ba, wanda babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran biranen Alaska. Kuma mutane sun ɓace a Nome da gaske. Shekaru da dama ƴan asalin yankin suna zuwa garin daga ƙauyukansu, wasu ba sa komawa gida. Danginsu sun yi ta kuka cewa ƴan sanda ba sa ɗaukar maganarsu da muhimmanci. Suna da dalilin rashin yarda: a 2003 an kashe wata yarinya ƴar asalin yankin mai shekara 19, kuma wanda kotu ta samu da laifin ɗan sandan garin ne. Da matsin lamba ya yi yawa, hukumar FBI ta duba batutuwa kusan 24 na ɓata da mutuwa, ta ce ba ta ga alamar mai kisan ɗauki-ɗaiɗai ba, abin da ya haɗa yawancinsu shi ne barasa da tsananin sanyi. Wasu daga cikin mutanen har yau ba a ga gawarsu ba.

Wannan ciwo ne ƴan fim suka ɗauka suka yi talla da shi. A ƙarshen fim ɗin har ana ambaton yawan ɓatan mutane a Nome da zuwan FBI, don mai kallo ya haɗa ɗaya da ɗaya ya ce baƙin sama ne suka kwashe su. Ba su tsaya nan ba, sai aka buɗe shafukan intanet na bogi, aka zuba labaran ƙarya da sunan jaridun Alaska na gaske, cikinsu har da Nome Nugget, jaridar garin. Da ƴan jaridar suka tashi tsaye, Universal ta amince ta biya ƙungiyar ƴan jaridar Alaska dalar Amurka 20,000. Fim ɗin kuwa ya samu sama da miliyan 40. Lissafa da kanka, mai karatu, ka ga nawa sunan ɗan jarida yake a kasuwar Hollywood. Uwar da ɗanta ya tafi Nome bai dawo ba, tana neman a binciki ƴan sanda, a gyara yadda ake sayar da barasa, a sa masu sintiri da dare, ita kuma me ta samu? Ta samu baƙi daga ko'ina suna tambayar garinsu labarin mujiya da jirgin sama.

Wannan batu yana taɓa ni ta wata fuska da wataƙila ba kowa zai ji ba. A aikina babu mako da ba na karanta cigiya. Yaro ɗan shekara shida, sanye da riga shuɗiya, ya fita tun hantsi. Tsohuwa mai larurar mantuwa, an yi mata ganin ƙarshe a bakin tasha. Na ga fuskokin waɗanda suke kawo takardar, na ga yadda hannunsu ke rawa lokacin da suke miƙa ta. Cigiya tana aiki ne saboda abu ɗaya, wato duk wanda ya ji ya san ba a wasa da ita. A 1999, lokacin tallan The Blair Witch Project, wanda shi ne ya buɗe wa finafinan tsintuwa babbar kasuwa ko da yake na mayya ne ba na baƙin sama ba, an buga takardun cigiyar ƴan wasan uku aka rarraba, kamar da gaske sun ɓace. Fim ɗin da aka ɗauka da kuɗi kaɗan ya tashi da kusan miliyan 250. Tun daga ranar ƴan kasuwar fim suka gane cewa cigiyar ƙarya tana kawo kuɗi. A makarantun talla ana yabon wannan a matsayin basira. Ni abin da na gani shi ne an taɓa abin da bai kamata a taɓa ba.

Me ya sa na ware na baƙin sama na ce sun fi sauran illa? Saboda ƙaryarsu tana zuwa da maganin kanta. Fim ɗin fatalwa zai ce maka gidan nan akwai abu, iyakarsa ke nan. Fim ɗin baƙin sama kuwa kullum yana ƙarawa da cewa gwamnati ta sani, ta ɓoye. Da zarar ka haɗiye wannan, duk wanda ya zo ya ƙaryata ya zama ɗan amshin shatan masu ɓoyewa. A 2011 aka fitar da Apollo 18, wai hoton wata tafiyar sirri ce zuwa duniyar wata bayan Apollo 17 ta Disambar 1972, wadda ita ce ta ƙarshe da mutum ya taka can. Hukumar NASA ta fito ta ce fim ne, ba tarihi ba. Ga wanda ya riga ya yarda, wannan musun shi ne hujja ta biyu. Haka Baba ya yi mini a waya. Tambayarsa ta farko ba ko gaskiya ne ba ce, tambayarsa don me muke ɓoyewa. An riga an sa ni cikin waɗanda ake tuhuma tun kafin in buɗe baki.

Ba zan wanke sana'ata ba, don mu ƴan rediyo ne muka fara wannan wasa. Ranar 30 ga Oktoban 1938 Orson Welles ya gabatar da wasan The War of the Worlds a tashar CBS, ya tsara shi kamar labarai masu katse shiri, wai halittun duniyar Mars sun sauka a New Jersey. Wasu sun firgita, ko da yake binciken da aka yi daga baya ya nuna jaridu sun zuzuta girman firgicin. Shi Welles aƙalla an sanar a farkon shirin da tsakiyarsa da ƙarshensa cewa wasa ne. A watan Fabrairun 1949 wani gidan rediyo a birnin Kito na ƙasar Ekwado ya maimaita wasan da sunayen unguwannin garin, ba tare da isasshen gargaɗi ba. Mutane suka fito kan titi, ƴan sanda da soja suka nufi inda aka ce an sauka. Da aka gane wasa ne, fusatattun jama'a suka banka wa ginin rediyon wuta, wanda a ciki ne jaridar El Comercio take, aka rasa rayuka. Mun karanta wannan a makarantar koyon aikin jarida, kuma darasin da aka cusa mana shi ne muryar labarai amana ce, ba a aronta a yi wasa. Abin da aka hana ɗan rediyo tun sama da shekaru 70 da suka wuce, shi ɗan fim yake yi a yau ana tafa masa.

In na ce duk finafinan tsintuwa banza ne, na yi zalunci. Salon yana da amfaninsa. Ya ba matasan da ba su da jari damar yin fim da kyamara ɗaya da abokai biyar, kuma duk wanda ya san wahalar ƴan fim ɗinmu zai fahimci darajar wannan. Akwai kuma waɗanda suka yi amfani da shi ba tare da yaudara ba. Cloverfield na 2008 ya nuna wata ƙatuwar halitta tana rusa New York ta idon kyamarar wani saurayi, ba wanda ya fito daga sinima yana zaton birnin ya rushe. Europa Report na 2013 ya ba da labarin ƴan sama jannati da suka tafi neman rai a ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupiter, tafiyar da kowa ya san ba a taɓa yin ta ba. Waɗannan sun bar ƙofar shiga da ta fita a buɗe. Na kalle su, na ji tsoro, na kwanta na yi barcina. Rigimata da waɗanda suke fitar da ƙaryar daga ɗakin kallo su kai ta jarida da intanet, su jingina ta da gari na gaske da matattu na gaske.

Asarar da ake yi ba ta tsaya a Nome ba. Hoto mai rawa shi ne makamin wanda ba shi da lauya, ba shi da tashar talabijin. A 1991 wani mutum da ƙaramar kyamararsa ya ɗauki ƴan sandan Los Angeles suna dukan Rodney King. A 2020 wata yarinya ƴar shekara 17 ta ɗauki mutuwar George Floyd da wayarta, kuma ba don wannan hoto ba da rahoton ƴan sanda ne zai zama tarihi. Ƙarfin irin waɗannan hotuna yana cikin rashin kyansu, don mai kallo ya san ba wanda ya tsara. Masu finafinan tsintuwa sun shafe sama da shekara 30 suna koya wa duniya yadda ake ƙera rashin kyan nan da gangan, da rawar hannu, da numfashi sama-sama, da lambobin lokaci a kusurwa. Sakamakon yana zuwa ta hanya biyu, duka marasa daɗi. Wasu irin Baba suna yarda da duk abin da ya yi rawa. Wasu kuma, musamman matasa da aka sha yaudara, sun daina yarda da komai, ko an nuna musu gawa sai su ce shiri ne. Azzalumi ba ya buƙatar fiye da haka. Yanzu ga manhajojin kwamfuta da ke ƙirƙiro bidiyo daga rubutu kawai sun shigo, abin da a da sai an nemi hanjin kaji da mai sassaƙa, yau yaro zai yi shi a waya kafin shayi ya dahu.

Ga kuma abin da masu wannan kasuwa ba sa son a tuna. A yau biliyoyin mutane suna yawo da kyamara a aljihu, mai ɗaukar hoto tar ko da dare. An ɗauki faɗuwar jirage, an ɗauki girgizar ƙasa, an ɗauki dutsen da ya tsaga samaniyar Rasha a 2013 ta fuskoki barkatai. Baƙon sama kaɗai ne har yau bai yarda ya tsaya a gaban kyamara mai kyau ba. A 2020 ma'aikatar tsaron Amurka ta saki bidiyo uku na matuƙan jiragenta da ke nuna abubuwan da ba a tantance ba, a 2024 kuma ofishin da ta kafa don wannan bincike ya ce bai samu shaidar wata fasaha daga wata duniya ba. Ko akwai wasu halittu a can nesa, wannan Allah ne masani, kuma masana taurari suna kan nema da na'urorinsu. Amma amsar ba za ta zo ta hannun kamfanin da ke sayar da tikiti ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ban ce a hana kowa kallo ba, don na san hani ba ya hana ɗan zamani komai. Ga masu yanko guntayen finafinai suna ɗora murya da Hausa suna watsawa, da masu tura finafinai a waya, ku bar sunan fim ɗin a jiki, ku ce fim ne. Yanke sunayen ƴan wasa shi ya mayar da wasan yaran Alioto hujja, kuma shi kuke maimaitawa. Ga abokan aikina, kada mu saka irin wannan a shiri don jan masu sauraro sannan mu ɓuya a bayan kalmar wai. Ga mai karatu kuma, a al'adarmu wanda ya yi tsintuwa ba ya cewa nasa ne sai ya yi cigiya. In bidiyo ya faɗo wayarka, yi masa cigiya kafin ka tura: wa ya ɗauka, a wane gari, wace rana, wa kuma ya gani da idonsa ban da kyamarar? In duk waɗanda za su amsa an ce sun ɓace, to ka san abin da ke hannunka.

Baba dai na tura masa hoton bangon fim ɗin da sunan jarumar, da wani fim nata da take harbin gawarwaki masu tafiya. Washegari ya kira, ya ce ya gane fuskarta. Ya kuma ce kafin ya turo mini ya riga ya tura wa mutum goma sha ɗaya, ciki har da ƴarsa da ke aure a Agadas, wadda ta kwana ba ta bar yaranta sun fita tsakar gida ba. Ya tambaye ni yadda ake janye saƙo. Na ce masa lokacin janyewa ya wuce, sai dai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya faɗa musu. Ya ce to, zai fara da ƴar tasa.